Kafin Ka Shiga Motar Alhaji Labbo

Daga Gandi, zuwa ga ɗana Sani, a gidan Kawunka Mamman, Goronyo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Kawunka da mutanen gidansa duka. Allah shi tsare ka a zaune da tsaye, shi raba ka da sharrin wanda ka sani da na wanda ke yi maka dariya ba ka san cikinsa ba.

Ƙanwarka Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗi. Ban kira ka a waya ba, don wayar da ke aljihunka Alhaji Labbo ne ya ba ka, ni kuwa ban san kunnuwan da ke cikinta ba. In ka karanta wagga takarda ka sa ta a murhu.

Kawunka ya aiko mini cewa ranar kasuwar Goronyo mai zuwa Alhaji zai kwashe ku a mota, ku samarin da ya tara, a haɗa ku da waɗansu masu bindiga da ya ce ya samo, ku je ku fitar da Amiru daga garinmu. Ya ce ka gaya masa yaƙar azzalumi farilla ce, kuma ranar da anka kawar da Amiru ta'addanci ya ƙare a ƙasar nan. Ba zan ce maka Amiru ba azzalumi ba ne. Ni na haifi yayanka da ya kashe. Abin da zan gaya maka shi ne wautar da na yi da kaina, wata bayan wata, don kar ka ɗauko ta daga inda na yar.

Ta farko kana ƙarami, kana bin awaki a bayan gida. Kawunka ya tafi ci-rani can ƙasar Larabawa, ƙetaren hamada, shina leburancin gini. Mai mulkin ƙasar ya daɗe ƙwarai a kan kujera, an ce wanda ya yi masa musu ba ya kwana gida. Sai jiragen waɗansu ƙasashe sunka zo sunka taimaka anka kayar da shi. Maza a ƙofar gida sunka ji a rediyo, sunka ce azzalumi ya faɗi, duniya za ta huta. Da Kawunka ya dawo, ya rame sai idanu, na tare shi da barka. Ya ce mini a hanyarsa ta dawowa ya ga ana shimfiɗa bindigogi a kan tabarma ana ciniki kamar albasa, kuma duk motar da ta ɗauka kudu take fuskanta. Ya ce, "Yaya, in rumbun maƙwabci ya fashe, ɓerayen gidanki za su nufa."

Na yi masa dariya. Na ce shi dai ladan leburancinsa da ya maƙale can yake ma kuka. Matan gida sunka taya ni, har anka sa masa suna Mai Ɓeraye. To, shekaru kaɗan sai ga ɓerayen a dajinmu, kowane da bindiga a kafaɗa. Ban ce daga can dukansu sunka fito ba, ban yi karatun da zan san wannan ba. Amma na san na raina maganar wanda ya je ya gani, na kama ta waɗanda sunka ji a rediyo. Kai yanzu a gidan wanda ya je ya gani kake kwana. Ka zauna kusa da shi bayan la'asar ka tambaye shi, ko da zai ja labarin ya yi tsawo yadda ya saba.

Ta biyu a zamanin Mai Taguwa ce. Ka tuna shi, amma ba ka san rabin abin da ya yi ba, don mun ɓoye muku. Shi ne ɗan bindigan da ya fara mayar da garinmu nasa. Ba a yanka gero sai ya ce a yanka. Ba a ɗaura aure sai an kai masa rabo. Ya tuɓe mai gari, ya naɗa wani yaro da ko gemu bai tsiro masa ba, dattawa na durƙusa masa. Mun kai kuka Rabah, mun kai Sakkwato, kowa ya ce ana kan duba lamarin.

A lokacin Alhaji Labbo mai sayen albasa ne kawai, shina zuwa da motarsa bakin fadama. Shi ya gaya ma dattawa cewa ya san waɗansu mutane a ƙetaren iyaka, masu tsoron Allah, ba su shan taba, ba su wasa da salla, kuma aikinsu ke nan korar irin su Mai Taguwa. Anka haɗa goro anka kai musu. Ni da hannuna na ja tunkiyata na kai a sayar don a cika abin da za a ba su. Ranar da sunka shigo a kan babura da rawunansu, ni na fara rangaɗa guɗa, sauran mata sunka ɗauka. Babanka ya leƙo ya ce, "Ke, amarya anka kawo miki?" Na ce masa abin ya fi amarya.

Kuma sun yi abin da anka kira su yi. Sun kashe Mai Taguwa, yaransa sunka watse. Ba zan ɓoye maka ba, daminar nan mun yi barci har da minshari. Shi ya sa nake jin tsoron maganar da ke da daɗi a farko, don na ɗanɗana ta.

A kwanakin farkon nan baƙin sunka riƙa bi suna tambaya, su wa ke tare da Mai Taguwa. Sun same mu a bakin rijiya. Ka tuna Hurera mai nono, wadda ke ƙara maka man shanu a fura in ka gaishe ta da Fillanci? Na buɗe baki na ce na sha ganin yaran Mai Taguwa suna shan fura a rugarsu. Gaskiya ce na gani. Amma mi za ta yi, ta hana mai bindiga fura? Mu ma ba mu auna musu gero ba? Kafin mako ya zagayo an ƙone rugar. Mijinta bai tsira ba. Ɗiyanta maza, waɗanda ke sauke mini itace in sun dawo kiwo, an ce yanzu suna daji da bindiga, kuma duk garin da sunka shiga ba su tambayar wa ya yi laifi. Ka ga an kashe ɗan ta'adda guda, bakina ya haifi waɗansu.

Sani, yaƙin da anka ce na mutum guda ne ba ya tsayawa a kan mutum guda. Ai ba don ƙarfinka Alhaji ke son ka ba, masu bindiga sun fi ka ƙarfi. Don kai ɗan gari ne, ka san lungu, ka san gidan kowa. Za su tsayar da kai a tsakiyar gari su ce ka nuna. In ka ɗaga yatsa sau ɗaya ba ka iya mayar da shi. Kar ka nuna gidan kowa, ko da ka ga hayaƙin tuwon Amiru na tashi daga cikinsa.

Ta uku ita ta fi ci mini rai, kuma a kan kwano ce. Ka san al'adarmu: in baƙo ya sauka a zauren mai gari, kowane gida ya aika da kwanonsa. Baƙo ya ci, ya rage ɗan abu don yaron da ya kawo, a ɗauraye kwano a mayar da godiya. Haka sunka yi da farko. Kwanona ya dawo tsaf, har da addu'a. Muna ta yabo, muna cewa ga masu tarbiyya.

Da anka kwana biyu sai kwano ya fara dawowa da busasshen tuwo a gefe, ba wanki, ba godiya. Munka ce gajiya ce, mutane na tsaron ranmu. Can kuma sai yara sunka daina samun ragowa. Wata rana da azahar kwanona ya dawo a rufe yadda na aika shi, ba a ko taɓa ba. Anka ce shugabansu, wanda suke kira Amiru, ya ce shi ba ya cin miyar kuka gaya, a sake da nama.

Goggo Asabe, maƙwabciyarmu ta bayan danga, tana tsaye tana tsince wake. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Baƙon da ya fara zaɓen miya, tabarmarsa ta yi saiwa. Gobe ke za ki nemi izinin shiga madafinki." Ta ce mu tara matan gari mu daina ɗora tukunyar baƙi, a bar maza su gane cewa saukar ta ƙare, tun ana iya sallamarsu da fatan alheri. Na ce mata ita dai bakinta ba ya azumi. Na ce mutanen da sunka cire mana ƙaya, da wane ido za mu hana su tuwo? Kunya ta kama ni. Na kama kazata mai ƙwai na yanka, na sake miya na aika. Da sauran mata sunka ji na yanka kaza, kowa ta yanka tata, don kar a ce gidanta ne na marowata.

Ban ce da mun hana tuwo da sun tafi ba. Mai yiwuwa da sun harbe mu. Amma a ranar ba su yi yawa ba, ba su gama sanin hanyoyinmu ba, kuma suna jin nauyin dattawa. Ranar ce kaɗai munka sami ƙofa, ni kuwa na rufe ta da kaza. Bayan nan ka san sauran. Sunka ƙirga shanun mutane sunka ce zakka. Sunka hana rediyo. Sunka riƙa bulala a kan gajeren gemu da dogon wando. Abin da Mai Taguwa ke ƙwata da zagi, su da salati suke karɓa, kuma ba ka da bakin kuka, don kai ka kai goro.

Har ranar da sunka zo karɓar injin ban-ruwa na yayanka, albasa tana tsakiyar neman ruwa. Ya ce su bari ya kammala layin da ya fara. Maganar da ya yi ke nan, sunka harbe shi. Babanka ya ɗauko shi daga fadama a kafaɗa, kuma tun ranar ka ga yadda ya koma, sai ya wuni bai ce uffan ba. Kai kana kasuwar Wurno ranar, shi ya sa har yau kake ganin da kana nan da ba a yi ba. Da kana nan da gawa biyu zai ɗauko.

Saboda haka duk wanda ya ce zai kawo maka masu cire azzalumi, kafin ka tambayi ƙarfinsu ka tambayi ranar tafiyarsu. Ka tambayi wa zai zauna a zauren in an fitar da na ciki. Ka tambayi in sun yi maka laifi gun wa za ka kai ƙara. Mu ba mu tambaya ba, don muna cikin wuta, wanda ke cikin wuta kuwa ko fitsari anka miƙo masa ruwa yake gani. Waɗannan sababbin na Alhaji, wa ya san iyayensu? Wa ke saya musu harsashi? Mutum ba ya barin garinsu ya zo ya mutu don albasar wani sai in ya hango abin da zai ci.

Yanzu bari in gaya maka abin da idona ya gani game da Alhaji Labbo, kai ka auna. Shi ya kawo mana su Amiru tun farko, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Da munka gudo Gandi, hanyar garinmu ko jaki ba ya bi sai da izinin Amiru, amma motar Alhaji na shiga wayam ta fito da buhuna har sama. Albasar wa ce? Wa ya shuka ta? Da ya zo mana ta'aziyya a nan, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido. Bai gama shafa fatiha ba ya matsa kusa da babanka, ya tambaye shi a hankali ko zai rabu da gonar fadama, tunda yanzu ba ta da amfani gare mu. Ina bayan labule ina ji. Na bincika, ba mu kaɗai ya tambaya ba. Waɗanda sunka sayar masa ba su da yawa tukuna. In anka sake wani yaƙin, gari ya ƙone gaba ɗaya, wa zai ƙi sayarwa?

Na san an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, na ɗauki zunubin, Allah shi yafe mini. Ban ce shina tare da Amiru ba. Wataƙila sun ɓata ne a kan rabo. Wataƙila kuma da gaske zuciyarsa ta ƙuna, ni ce mai mugun ido. Abin da na lura dai, duk lokacin da anka yi mutuwa a garinmu, shi ƙiba yake yi. Kuma mutumin da bai taɓa ba ka ko goro ba tun kana yaro, yau ya saya maka waya da takalmi.

Ban manta maganar da ka yi mini ba ranar da za ka tafi, kana ɗaure jaka a bayan ajin makarantar da anka sauke mu. Ka ce, "Inna, to mi kike so? Mu zauna nan muna jiran shinkafar sadaka har mu mutu, Amiru kuwa shina kwana a ɗakin yayana?" Na yi shiru, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba, amsa ce ban da ita. Har yanzu ba ni da cikakkiya. Ni ma ina son in koma. Ina son in ga ƙofar ɗakina, in ziyarci inda anka kwantar da yayanka. Akwai ranar da in na tuna fuskar Amiru nake jin da namiji ce ni da na riga ka shiga motar.

Ban ce a bar azzalumi ya mutu da tsufa ba. Na tambayi limamin da ke ja mana salla a nan, ya ce cire zalunci wajibi ne, amma in cirewar za ta haifi wanda ya fi shi, a dakata a nemi wata hanya. Na ce masa to wa ke sanin abin da za ta haifa tun ba a yi ba? Ya ce a duba hannun da ke riƙe da wuƙar. Ni kuwa na duba, hannun nan na san shi.

In bindiga kake so ka ɗauka, akwai ƙofar hukuma. Ita ma ba wai na amince da ita ba ce, mun kai kuka an bar mu, kuma mun ji inda jirgi ya sako wuta a kan waɗanda ba su ji ba su gani ba. Amma soja shina da barikin da zai koma, shina da na sama da shi, kuma in ya faɗi akwai wanda zai zo ya gaya ma uwarsa. Wanda ya shiga motar ɗan kasuwa, in ya faɗi a daji, ko labari sai a bakin direbobi. In kuma kunka ci nasara, wa ya ce maka kai ba za a ba ka zaure ka zauna ba? Yaro mai fushi da bindiga a hannu, mutane na durƙusa masa suna kawo abinci, ba ya sanin ranar da ya canza. Wannan ma ina jin tsoronsa, ba ƙasa da tsoron mutuwarka ba.

Kuma ka tuna ba kowa ya gudo ba. Goggo Asabe tana can, ƙafarta ba ta kai ta ko'ina. Akwai tsofaffi, akwai masu jego, akwai waɗanda sunka ce gara bulala da bara. Duk suna dafa ma Amiru, don ba su da zaɓi. Baƙin da za ku shiga da su ba su san Goggo ba. Wuta kuwa in ta kama danga ba ta tambayar ɗakin wa ke biye.

Ba zan yi maka baki ba, Sani. Ka girma, kuma zafin da ke cinka ni ma shi ke cina. Abu guda na roƙe ka, don nonon da ka sha. Alhaji shina da ɗa sa'anka, Nasiru, wanda kunka yi makarantar allo tare. Ranar kasuwa, in an jawo motar tasha, kar ka sa ƙafa tukuna. Ka bari mutane su taru. Ka je gabansa ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka tambaye shi da muryar da na kusa za su ji: "Alhaji, ina Nasiru zai zauna, in riƙe masa wuri?" Kar ka ƙara komai. Ka dubi fuskarsa kawai, ka bar sauran samarin su ma su duba.

Ni ban san amsar da zai ba ka ba, ban aika kowa ya bincika mini ba. In Nasiru ya fito da jakarsa ya hau motar nan, ya zauna inda harsashi zai iya samunsa kamar kowa, to zatona ya zama ƙarya, ka hau, na yafe maka duniya da lahira, zan kuma nemi gafarar Alhaji a gaban mutane. In kuwa ya ce yaron na karatu, ko ba shi da lafiya, ko zai biyo ku daga baya, ka ciro wayarsa ka miƙa masa da hannu biyu, ka yi godiya, ka nemi motar Gandi. Ba wanda zai ce maka matsoraci a gabana. Wanda ya faɗa, ka turo mini shi in tambaye shi ɗiya nawa ya binne.

Babanka ya ji duk abin da na faɗa, shina zaune bakin ƙofa. Na tambaye shi ko zai ƙara wani abu. Ya ce a gaya maka kafaɗarsa ba za ta iya ɗaukar na biyu ba.

Allah shi tsare gabanka da bayanka. Allah shi nuna maka gaskiya ko da a bakin wanda ba ka so, shi toshe kunnenka daga mai zaƙin baki. Allah shi hana hannunka jinin wanda bai ci maka ba, shi hana hannun kowa naka. Allah shi kawar mana da azzalumi ta hanyar da ba za ta haifo wani ba. Ka gaishe da Kawunka, ka ce masa Yayarsa ta janye dariyar da ta yi masa.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.